Masaƙi da Marini a Situdiyo: Bambancin Manhajar Kiɗa da Manhajar Gyaran Sauti a Waƙoƙin Hausa na Zamani

Tsakure

Waƙoƙin Hausa da ake haɗawa a situdiyo sun zama babban fagen nazari a sassan Hausa na jami'o'i da kwalejoji, amma har yanzu akan dunƙule bayanin kayan kiɗansu cikin kalma ɗaya, wato "fiyano". Wannan maƙala ta yi bayanin nau'o'i biyu na ƙananan manhajojin kwamfuta da ake maƙala wa babbar manhajar haɗa waƙa. Ta farko ita ce manhajar kiɗa, wadda ke haifar da sauti daga umarni. Ta biyu ita ce manhajar gyaran sauti, wadda ke sarrafa sautin da aka riga aka samar. An bi sawun shigowarsu, da yadda kowace ke aiki, da wuraren da iyakarsu ke cuɗewa, sannan aka dubi yadda rashin tantance su ke iya gurɓata sakamakon nazarin kayan kiɗa da rauji da karin sauti da amshi.

Fitilun Kalmomi: situdiyo, manhajar kiɗa, manhajar gyaran sauti, rauji, karin sauti

1.0 Gabatarwa

A garuruwa irin su Birchi da Kurfi da Dutsin-Ma, kamar sauran sassan ƙasar Hausa, mafi yawan waƙoƙin da ke tashi daga lasifika a wurin biki ko gangamin siyasa ko shagon cajin waya ba a dandali aka rera su ba. An haɗa su ne a cikin ɗaki, gaban kwamfuta, tsakanin mawaƙi da mai haɗa sauti. Mai sauraro zai ji kalangu yana magana, ya ji sarewa, ya ji taron 'yan amshi suna karɓawa, alhali mutum biyu ne kacal suka shiga ɗakin, kuma babu wanda ya rataya kalangu a cikinsu.

Wannan yanayi ya jefa manazarcin waƙa cikin matsala. Hanyar nazarin waƙar baka da aka fi bi a makarantu, musamman wadda Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa a Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993, ta ba kayan kiɗa da amshi da rauji muhimmanci, kuma ta yi daidai, domin a gargajiyance kayan kiɗa suna bayyana matsayin makaɗi da rukunin da yake wa waƙa. Kotso da taushi na fada ne, kamar yadda aka san Narambaɗa da Ɗanƙwairo da kotso. Kalangu ya shahara da mahauta da 'yan dambe da dandalin 'yan mata, kuma da shi Mamman Shata ya yi zamaninsa. Ƙwarya ta mata ce, irin ta Barmani Coge. Ƙamus ɗin kiɗan Hausa da David Ames da Anthony King suka wallafa a 1971 ma a kan wannan dangantaka ta abin kiɗa da al'umma aka gina shi. To amma idan ɗalibi ya ɗauki waƙar Nura M. Inuwa ko ta Dauda Kahutu Rarara ya zo gurbin "kayan kiɗa", me zai rubuta? Ɗaya daga cikin biyu aka saba gani. Ko ya rubuta "fiyano" ya wuce, ko ya jero duk abin da kunnensa ya jiyo, ya ce an yi amfani da kalangu da algaita. Na farko bai faɗi kome ba, na biyu kuwa yana iya faɗin abin da bai faru ba. Mafita daga wannan ita ce fahimtar abin da ke gudana a cikin kwamfutar, kuma ƙofar wannan fahimta ita ce bambancin da maƙalar ta sa a gaba.

2.0 Daga Fiyano zuwa Kwamfuta

Kiɗan na'ura ya samu gindin zama a Kano ne tare da finafinan Hausa na bidiyo, waɗanda akan fara lissafinsu daga Turmin Danya na 1990. A shekarun 1990 masu kiɗan fim sun dogara da fiyano mai aiki da lantarki, na kamfanin Casio da farko, sannan jerin PSR na kamfanin Yamaha, kamar yadda Abdalla Uba Adamu ya bi diddigi a rubuce-rubucensa a kan finafinai da kiɗan zamani. Waƙar fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya tana cikin waɗanda suka nuna cewa ana iya lalubo sautuka a cikin irin wannan fiyano da za su yi wa kunnen Bahaushe kama da na gida. Daga wannan zamani sunan "fiyano" ya bi kiɗan situdiyo, bai kuma sake shi ba har bayan da aikin ya koma cikin kwamfuta.

A daidai lokacin, wani sauyi yana faruwa a Turai. A 1996 kamfanin Steinberg na Jamus, mai manhajar Cubase, ya fito da wani tsari da ya kira VST, wanda ya ba wasu kamfanoni damar rubuta ƙananan manhajoji da za su yi aiki a cikin babbar manhajarsa. Abin lura shi ne, a wannan siga ta farko manhajojin gyaran sauti kaɗai ake iya maƙalawa. Sai a 1999, da siga ta biyu ta fito, aka ba ƙananan manhajojin ikon karɓar umarnin kiɗa, nan ne aka haifi manhajar kiɗa da ake wa laƙabi da VSTi. Ke nan bambancin da ake magana a kai yana nan tun a tushen fasahar, har da tazarar shekara uku tsakanin haihuwar ɗaya da ta ɗaya. Daga baya wasu kamfanoni sun fito da nasu tsare-tsare, kamar Audio Units na Apple da AAX na Avid, amma duk sun riƙe wannan rabo na gida biyu.

3.0 Uwar Manhaja da Abin da Ake Maƙala Mata

Babbar manhajar da ake haɗa waƙa a cikinta, irin su FL Studio ta kamfanin Image-Line na Beljiyam ko Cubase, za a kira ta uwar manhaja a wannan maƙala. Ita ce ke riƙe da lokaci da layukan sauti da teburin gauraya su. Ƙananan manhajojin da ake maƙala mata, waɗanda 'yan situdiyo ke kira filogin, galibi a cikinta suke aiki, kuma ita ke miƙa musu abin da za su sarrafa ta karɓi abin da suka fitar.

Tambaya ɗaya ce ke raba su: me ke shiga, me ke fita? Manhajar kiɗa umarni ke shiga cikinta, sauti ya fito. Manhajar gyaran sauti kuwa sauti ke shiga, sauti ya fito, amma ba kamar yadda ya shiga ba. Sana'ar tufafi ta Hausa ta isa misali. Masaƙi yana karɓar zare ya mayar da shi ƙyalle, abin da ya shiga hannunsa daban, abin da ya fita daban. Marini kuwa sai an kawo masa ƙyalle, ya tsoma a baba, ya mayar da ƙyallen da sabon launi, daga nan mai bugu ya karɓa ya sa masa sheƙi. Ranar da ba a kawo ƙyalle marina ba, marini ba shi da abin nunawa, kome kyan babarsa. Haka idan aka ɗora manhajar gyaran sauti a kan layin da babu kome, shiru za a ji. Manhajar FL Studio ma ta raba musu masauki: manhajojin kiɗa suna zama a jerin tashoshi inda ake tsara bugu, na gyara kuma suna zama a guraben teburin gauraya, inda kowane layi ke da gurbi goma a sigogin baya-bayan nan.

3.1 Manhajar Kiɗa

Umarnin da manhajar kiɗa ke karɓa ana rubuta shi ne da tsarin MIDI, wanda ya fito a 1983 bayan haɗin guiwar kamfanonin Amurka da Japan, musamman Dave Smith na Sequential Circuits da Ikutaro Kakehashi na Roland. MIDI ba ya ɗauke da sauti ko kaɗan. Lambobi ne kawai da ke cewa a taɓa amo kaza, da ƙarfi kaza, a sake shi a lokaci kaza. Amo yana da lamba daga 0 zuwa 127, inda lamba 69 ke nufin amon da ke kaɗawa sau 440 a daƙiƙa ɗaya. Ƙarfin taɓawa ma bai wuce 127 ba. Wannan ya sa umarnin waƙa sukutum ba ya cin wuri, alhali minti ɗaya na sautin da aka naɗa da ingancin faifan CD yana cin kusan megabayit 10.

Abin da ya biyo bayan wannan yana da muhimmanci ga manazarci. Tun da umarni daban, sauti daban, mai haɗa sauti yana iya kaɗa rauji sau ɗaya, ya saurare shi da muryar sarewa, bai gamsu ba ya mayar da shi goge, ya sake mayar da shi algaita, ba tare da ya ƙara taɓa fiyano ba. A kiɗan gargajiya hannun makaɗi da abin kiɗansa ba sa rabuwa, salon mai kukuma ba ya hawa kan gurmi. A situdiyo an raba su, shi ya sa ake jin "sarewa" tana yin abin da numfashin ɗan Adam ba zai iya ba, tana jan amo ba hutu, ko tana fitar da amo uku a lokaci guda.

Manhajojin kiɗa iri biyu ne ta fuskar inda suke samo sauti. Akwai mai ƙirƙira, wato sintasaiza, wadda ke gina sauti da lissafi ba tare da an taɓa naɗar wani abu ba. Akwai kuma mai samfur, wadda ke ajiye gutsattsarin sautin da aka naɗa daga abin kiɗa na zahiri, ta sake su idan umarni ya zo. Kontakt ta kamfanin Native Instruments na Balin, wadda ta fito a 2002, tana cikin fitattun wannan rukuni. Kalangun da ake ji a waƙar situdiyo, idan ba makaɗi aka gayyato ba, daga irin wannan yake fitowa, ko kuma daga guntun kiɗa da aka naɗa ake maimaitawa.

A nan ne kuma fasahar ta fi nuna cewa ba don kiɗan Hausa aka ƙera ta ba. Jerin kayan kiɗa 128 na tsarin General MIDI na 1991, wanda fiyano da yawa suka bi, ya tanadi gurbi ga sitar da shanai na Indiya, da koto da shamisen na Japan, da kalimba, amma babu goge, babu kakaki, babu algaita, babu kuntigi. Mai kiɗa a Kano sai dai ya nemi mafi kusa. Wannan yana cikin dalilan da ya kamata a sa a ma'auni yayin da ake zargin kiɗan finafinan Hausa da ƙamshin Indiya: bayan kwaikwayon da ba a musu, akwai kuma abin da na'urar ta ajiye a kusa da hannu.

Kalangu ya fi kowane wahalar kwaikwayo. Makaɗi yana matse tsirkiyoyinsa a hammata ya sassauta, fatar ta ɗaure ko ta saki, amo ya hau ko ya sauka a cikin bugu ɗaya, kuma da wannan zamewa yake kwaikwayon karin maganar Hausa har a ce kalangu ya yi kirari. Manhajar samfur kuwa ta saba da amo mai tsayawa a mataki. Idan samfur ɗaya aka naɗa, hanya mafi sauƙi ta ɗaga amonsa ita ce a ƙara masa gudu: a ninka gudun, amo ya hau zango guda cif, amma tsawonsa ya ragu da rabi, kuma kaurinsa ya sirance. Akwai wata 'yar ƙafa a gefen fiyano da ake murzawa don lanƙwasa amo, wadda a bisa al'ada ke kai rabin mataki biyu sama ko ƙasa sai in an faɗaɗa ta, kuma gwanaye suna amfani da ita su kusanto da zamewar kalangu. Duk da haka kunnen da ya saba da kiɗan dambe ko na mahauta yakan gane, saboda bugu biyu na makaɗi ba sa taɓa zama daidai wa daida, na samfur guda kuwa tamkar hatimi ne da ake ta bugawa.

3.2 Manhajar Gyaran Sauti

Wannan rukuni ba ya tambayar daga ina sauti ya fito. Muryar da makirufo ya ɗauka da kiɗan da manhajar kiɗa ta haifar duk ɗaya ne a wurinsa. Ikwalaiza tana tace amo, ta rage kauri ko ta ƙara kaifi. Kwamfuresa tana rage tazarar da ke tsakanin ƙarfi da rauni, yadda raɗa da tsawa za su kusanci juna, kuma ita ce ke sa murya ta zauna daram a kan kiɗa ko da a ƙaramar lasifikar waya. Akwai mai amsa-kuwwa, wadda ke maimaita sauti bayan ɗan jinkiri. Akwai mai kwaikwayon amon wuri, wadda ke sa muryar da aka naɗa a ɗan ƙaramin ɗaki mai bangon soso ta yi kamar a babban zaure ko a cikin kogo aka yi ta.

Jerin da aka bi wajen ɗora su yana sauya sakamako, kamar yadda bugu kafin rini ba ɗaya yake da rini kafin bugu ba. Idan aka sa amon zaure kafin kwamfuresa, wutsiyar amon za ta kumbura ta cika waƙar. Idan aka juya, muryar ce za ta daidaita sannan zauren ya biyo ta a hankali. Wannan zaɓi na mai haɗa sauti ne, kuma salo ne kamar kowane salo, ko da yake har yanzu nazarin salo a waƙar Hausa bai cika leƙa shi ba.

4.0 Auto-Tune da Karin Sautin Hausa

Daga cikin manhajojin gyara, babu wadda ta shafi masanin harshe kamar Auto-Tune. Kamfanin Antares na Amurka ne ya fito da ita a 1997, ƙirƙirar Andy Hildebrand, injiniyan da ya taɓa aikin nazarin girgizar ƙarƙashin ƙasa a harkar neman mai. Waƙar Believe ta mawaƙiya Cher ta 1998 ce ta fara bayyana wa duniya sautinta idan aka tsananta ta. A waƙoƙin Hausa na situdiyo wannan sauti ya zama ruwan dare, har wasu masu sauraro suna ɗaukar sa wani abin kiɗa ne. Ba abin kiɗa ba ne, domin in babu muryar da ta shiga babu abin da zai fito.

Aikinta shi ne ta auna yawan kaɗawar murya a kowane lokaci, ta gwada da tsanin amon da aka zaɓa mata, ta ja muryar zuwa mataki mafi kusa. Tsanin da ta ginu a kai na Turai ne, inda aka raba zango gida 12 daidai wa daida, kowane gida kuma aka kasa shi 100. Idan aka bar mata duka matakai 12, ba za ta ja murya fiye da kashi 50 ba. Idan kuwa aka taƙaita ta a kan tsani mai matakai biyar, irin wanda raujin Hausa da yawa ke tafiya a kai, akwai guraben da tazararsu ta kai 300, don haka tana iya jan murya har kashi 150, wato rabin mataki ɗaya da rabinsa. Sannan akwai ma'aunin saurin ja. Idan aka sassauta shi, murya za ta isa matakin a hankali, gyaran ya ɓuya. Idan aka kai shi sifiri, murya za ta riƙa tsalle daga mataki zuwa mataki, a ji wannan karyewa mai kama da ta na'ura.

Hausa harshe ne mai karin sauti: karin sama, da karin ƙasa, da faɗau. Kari ne ke raba kuka na hawaye da kuka ta miya, da wuya na jiki da wuya ta wahala, da kai wakilin suna da kai na bisa wuya, wanda ke ɗauke da faɗau. Dangantakar wannan kari da raujin waƙa tsohuwar tambaya ce a nazarin Hausa, tun aƙalla binciken Paul Richards na 1972 da ya auna ta a cikin wata waƙar Hausa. Yanzu da manhajar Praat ta samu a hannun ɗalibai, auna hawa da saukar murya ya yi sauƙi, kuma a nan tarkon yake. Wanda ya ɗauki waƙar da ta bi ta cikin Auto-Tune ya zana layin muryarta, zai ga matakai shimfiɗaɗɗu masu kaifin kusurwa. Gaɓa biyu da mawaƙi ya ɗan bambanta a makirufo suna iya faɗawa kan mataki guda su zama ɗaya. Faɗau, wanda zamewa ce daga sama zuwa ƙasa a gaɓa ɗaya, yana iya komawa tsalle biyu ko uku. Idan manazarci ya kammala da cewa mawaƙan zamani sun daina girmama faɗau, ko sun koma tsanin Turai, to wataƙila abin da ya auna saitin manhaja ne, maƙogwaron mawaƙin bai shiga lissafin ba.

Wannan ba ya nufin a yi watsi da irin waɗannan waƙoƙi. Yawancin lokaci alƙiblar rauji, wato hawa ko sauka daga gaɓa zuwa gaɓa, tana tsira idan tazarar ta kai mataki, don haka tambayar ko rauji yana bin kari tana nan da amsarta. Abin da ba ya tsira shi ne ƙananan ma'aunai: faɗin tazara, da siffar zamewa, da rawar murya. Mai bincike a kan waɗannan sai ya nemi muryar asali kafin gyara, wadda 'yan situdiyo ke iya fitarwa ta hanyar kashe manhajojin da ke kan layin murya, ko kuma ya naɗi mawaƙin da kansa yana rerawa ba kiɗa.

5.0 Inda Iyakar ke Cuɗewa

Rabon gida biyu yana da 'yan wuraren da yake rawa. Bokoda tana karɓar murya da kiɗa a lokaci guda, ta ɗora siffar furucin murya a kan amon kiɗan, a ji kamar fiyano ne ke magana. Auto-Tune kanta ana iya ba ta umarnin MIDI a ce ga matakin da za ta kai murya, amma wannan bai fitar da ita daga rukunin gyara ba, tun da har yanzu tana jiran murya. A ɗaya ɓangaren, idan aka yanki guɗa ko gaɓa ɗaya ta muryar mutum aka zuba a manhajar samfur ana kaɗa ta da yatsu, muryar ta zama abin kiɗa. Wannan na ƙarshe yana da ruwa da tsaki a muhawarar waƙoƙin addini da ake cewa an yi su ba kiɗa, domin abin da kunne ya ji murya ce, hanyar da aka bi kuwa ta makaɗi ce.

Amshi ma ya shiga wannan ruɗani. A waƙar baka 'yan amshi mutane ne masu suna da matsayi a ƙungiya, wani lokaci har su yi ƙari a kan abin da jagora ya faɗa. A situdiyo ana samun taron murya ta hanyoyi aƙalla uku: a kawo mutane su rera, ko mawaƙi ɗaya ya rera amshin sau da yawa a layuka daban-daban a jera su, ko a ɗora manhajar gyara da ke kwafar murya guda ta ɗan jinkirta kwafin ta ɗan karkata amonsa har a ji kamar mutane ne da yawa. Akwai ma wadda ke ɗaga murya ko ta sauke ta har jinsin mai ita ya rikice wa mai sauraro. Saboda haka jimla irin "mawaƙin yana da 'yan amshi mata uku" ba a rubuta ta daga sauraro kawai.

6.0 Abin da Manazarci zai Nema a Situdiyo

Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke son nazarin wata waƙar biki ko ta siyasa da aka yi a yankinsa yana da gata a kan wanda ke nazarin Shata, domin mai haɗa sautin yana raye, kuma mai yiwuwa aikin yana nan a kwamfutarsa. Hira da mawaƙi kaɗai ba ta wadatar ba. Sau da yawa mawaƙi yana zuwa ne da baitoci da rauji a baka, mai haɗa sauti ne ke zaɓar gudu da tsani da kayan kiɗa, shi ne kuma ke yanke hukuncin yadda muryar za ta fito. A ma'aunin gargajiya wannan mutum shi ne makaɗi, kuma barin sunansa a bayanin salsalar waƙa kamar a yi nazarin waƙar Shata ne a manta akwai masu kalangu a bayansa.

Tambayoyin da za a yi masa suna bin rabon da aka yi bayani. Ga kowane sauti a waƙar: da makirufo aka ɗauke shi ko manhajar kiɗa ce ta haife shi? In manhaja ce, mai ƙirƙira ce ko mai samfur? In samfur ne, daga ina ya zo, wa ya kaɗa shi tun farko? Wannan tambaya ta ƙarshe ta wuce batun fasaha. Mai kalangun da aka kira situdiyo sau ɗaya aka sallame shi, bugunsa yana iya yawo daga kwamfuta zuwa kwamfuta ya shiga waƙoƙin da bai taɓa ji ba, a kuma daina kiransa wurin bikin da a da shi ake kira. Sannan ga layin murya: waɗanne manhajojin gyara ke kansa, a wane jeri, a kan wane tsani aka saita mai gyaran amo, da wane sauri?

Akwai kuma batun adanawa, wanda ya kamata cibiyoyin nazarin Hausa su fara tunani a kai. Fayil ɗin MP3 da ke yawo a waya ƙyalle ne da aka riga aka saƙa aka rina aka buge, ba a iya zare launin a ga farin. Fayil ɗin aiki na uwar manhaja shi ke riƙe da kome a rarrabe: umarnin MIDI, da muryar asali, da jerin gyare-gyare. Sai dai shi ma ba ya ɗauke da ƙananan manhajojin kansu, sunayensu da saitinsu kawai yake tunawa. Idan aka buɗe shi a kwamfutar da ba ta da su, layin manhajar kiɗa zai yi tsit, layin murya kuma zai fito tsirara ba gyara. Ƙari a kan haka, manhajojin samfur suna da nauyi a kan ƙaramar kwamfuta, don haka masu haɗa sauti kan mayar da layin kiɗa ya zama naɗaɗɗen sauti don sauƙaƙa aiki, kuma in aka goge umarnin bayan haka, ba a sake sanin ainihin abin da yatsu suka taɓa. Mai tattara irin waɗannan waƙoƙi don ajiya zai buƙaci abu huɗu daga kowane aiki: gamammiyar waƙar, da kowane layi a ware bayan gyara, da layin murya kafin gyara, da fayil ɗin MIDI tare da rubutaccen jerin manhajojin da aka ɗora da sigar kowace.